Godiya ga ma'aikatan jinyar da ke kula da Hajiyarmu a arewacin Ingila

Zuwa ga shugabar gida da dukkan ma'aikatan jinya, na rana da na dare.

Assalamu alaikum. Sannunku da aiki, sannunku da ƙoƙari.

Godiyar baki mun riga mun yi muku a ofis. Wannan kuwa na rubuta ta da Hausa ne don mutanenmu su karanta, domin har yau akwai 'yan uwa da ke ganin yar da Hajiya muka yi da muka kai ta gidan kula da tsofaffi. 'Yan Najeriya da ke cikinku, don Allah ku isar wa sauran.

Lokacin da aka kawo muku Hajiya daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, ta zo da gyambon kwanciya a ƙasan bayanta. Kun zaunar da mu, kuka ce ciwon mataki huɗu gare shi, nata yana na biyu, wato fata ta buɗe amma bai nutsa cikin nama ba. Na huɗu shi ne wanda ke kaiwa ga jijiya ko ƙashi. Kuka bayyana mana cewa nauyin jiki ne ke danne fata tsakanin ƙashi da katifa har jini ya daina kaiwa wurin, ga jiƙewar fitsari da jan jiki a kan zanen gado suna ƙara lalata ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kuka san fatarmu. Alamar farko da aka fi koyarwa ita ce wurin ya yi ja, to ina ja zai fito a fatar tsohuwar Bakatsiniya? Nas ɗin da ke duba ta ba ta tsaya jiran ja ba. Da hannu take bi, dunduniya da kwankwaso da kafaɗa da ƙeya, tana neman inda ya fi ɗumi, ko ya yi tauri, ko ya fi kewayensa duhu. Da haka ta gano dunduniyar hagu ta fara, aka sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa don ta daina taɓa katifa, ba ta kuwa fashe ba. Ita ce kuma ta hana ƙanwata yi wa wurin tausa da man kaɗanya, cikin ladabi, ta ce murza irin wannan fatar ɓata ta yake yi. Mu kuwa a gida da tausa muka san jinya.

Katifar iska ta taimaka, haka ƙwai da madara da kifi da kuka dage ta riƙa ci. Amma a ganina juyi ne ya warkar da ciwon nan. Ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce mai haɗarin kamuwa sosai kada ya wuce awa 4 bai canza kwanciya ba. Ku kun fi haka yawan juya Hajiya, kuna rubuta lokaci da ɓangaren a takardar da ke ɗakinta. Na sha karanta takardar nan da safe, in ga sa hannu a ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na dare, lokacin da mu 'ya'yanta muke barci.

Na kuma san halin da kuke aikin. Awa 12 a tsaye, da dare ku kaɗan ne a kan ɗakuna da yawa, ga ƙararrawa nan da can, ga ciwon baya duk da na'urar ɗaga mara lafiya. Albashin mataimakan jinya bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma fam 12.21 a awa a watan Afrilun 2025. Da yawa sun shigo ƙasar ne bayan an buɗe musu biza a 2022, sannan daga Maris 2024 aka hana sababbin zuwa tahowa da iyalansu. Mace ta bar 'ya'yanta a Jos ko Kumasi, ta zo tana wanke uwar wani ba tare da ɓata fuska ba, wannan ya wuce a ce aiki ne kawai. Ina roƙon masu gidan su ƙara hannu a aikin dare. Masu binciken hukumar CQC, mai sa ido kan gidajen jinya, takarda suke gani, mu kuwa gajiyar mutane muke gani.

Mun gode da kuka ware mata mata zalla wajen wanka da sauya tufafi, kuka kuma daidaita gadonta yadda za ta fuskanci alƙibla, har dutsen taimamarta ba a taɓa kawar da shi daga inda hannunta na dama ke kaiwa ba.

Yanzu gyambon ya rufe, tana zama a kujera ta ci abinci. Ta ce in gaya muku ta sa muku albarka, ku da 'ya'yanku. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya sa ku gama da iyayenku lafiya.

Naku,
babban ɗan Hajiya, a madadin sauran 'yan uwa.