Kirsimeti: A Rage Gaggawa, a Ba Ibada Lokacinta

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista na Kaduna tun watan Disamba bai kama ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke isa ranar 25 ga wata a gajiye liƙis. Uwargida ta kwana tana suya, maigida na zaune a shagon tela yana jiran a sa wa riga maɓalli, iyali kuma sai ana shirin albarkar rufewa suke shiga sujada. An ci, an sha, an yi ado, amma Yesu Almasihu da ake bikin haihuwarsa bai samu ko awa guda a gidan ba.

Yawancin wannan gaggawa jinkiri ne ya haife ta. Duk wanda ya kai yadi bayan makon farko na Disamba ya san tela ya riga ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa, ga wutar lantarki ba tabbas. A kai ɗinki cikin Nuwamba. Shinkafa, fulawa, sukari da man gyaɗa ba sa lalacewa, a saye su da wuri kafin kasuwa ta cika maƙil, farashi ya yi sama. Cincin yakan yi mako biyu lafiya, muddin an bar shi ya huce sarai kafin a rufe. In aka rufe shi da ɗumi, gumi ne zai sa ya yi laushi. Kayan miya a niƙa ranar 23, a tafasa har ruwan ya tsane, a soya, a riƙa ɗumamawa safe da yamma. Masu watanda su ma su yanka saniyarsu a ranar. Mai niyyar tafiya Kafanchan, Zonkwa ko Kagoro ya bar tashar mota ta unguwar Television da sassafe, kwana biyu ko uku kafin bikin, saboda hazo, tsadar kuɗin mota da haɗarin tafiyar dare.

To, lokacin da aka samu, me za a yi da shi? Bisharar Luka sura 24 ce cif. Idan iyali suka fara ranar 1 ga Disamba, sura ɗaya kowace yamma bayan tuwo, za su kammala a jajibirin Kirsimeti, sun bi Yesu tun daga albishir ɗin da mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Maryamu har zuwa tashinsa daga matattu. Yaron da ya ji wannan duka, idan ya ji labarin jariri a komin dabbobi, ya san ko wane ne. Minti 15 ya isa, a kashe talabijin, a kife wayoyi, kowa ya karanta ayoyi kaɗan, a rera waƙa ɗaya, a yi addu'a.

Wuri biyu ake yin tuntuɓe. Sura ta farko aya 80 ce, yara sukan ƙosa, don haka a raba ta safe da yamma. Na biyu, in kwana biyu suka kuɓuce, sai maigida ya ce a haɗa sura uku a dare ɗaya, daga nan kowa ya fara zillewa. Kada a yi ramuwa, a ɗauki surar ranar a ci gaba. Ranar 25 da safe kuma, kafin a ɗora tukunya, a karanta Ishaya 9:6 da Luka 2:1-20.

Akwai ayar da nake so iyaye su tsaya a kanta, wato Luka 2:24. Da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, hadayarsu ita ce kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. Littafin Firistoci 12:8 ya nuna wannan hadayar macen da ba ta da halin ɗan rago ce. A gidan talakawa aka haifi Mai Ceto. Yaya za a yi mu ci bashi ko mu cinye adashin kuɗin makarantar Janairu don kada maƙwabci ya ce ba mu yanka komai ba? A ware kuɗin makaranta tukuna, abin da ya rage a yi biki da shi.

Shugabanninmu na ikilisiya, ku gafarce ni, ku ma da naku. Godiyar girbi, taron zumuntar mata, na matasa, ga gidauniya, duk a cusa cikin mako uku, har mutum ya rasa yammar da zai zauna da 'ya'yansa. A bar wa iyalai makon ƙarshe, ban da sujadar waƙoƙi.

Kwanon farko da za a zuba ya tafi gidan gwauruwa, marayu, ko iyalan da rikici ya raba da ƙauyukansu suke raɓe a Sabon Tasha da Narayi. Maƙwabtanmu Musulmi da ke aiko mana da naman Sallah su ma suna da rabo, a sa mahauci Musulmi ya yi yankan domin su ci hankali kwance. Ranar 26 hutu ce, a je gaishe su da ƙafa, a leƙa marasa lafiya a asibiti.

Na gode, Edita.

Naka,
Mai karatu daga Barnawa, Kaduna