Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya kan masu gadar tsokar zuciya

Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ba zan ja ka da nisa ba.

Yayana shekararsa 44, ya fi shekara biyu yana fama da ciwon ƙirji duk sanda ya hau bene ko ya yi sauri, ana ta ɗirka masa maganin alsa. Sai da aka yi masa hoton jijiyoyin zuciya da injin CT a asibitin kuɗi, don na gwamnati an ce ya lalace, sannan aka ga gadar tsokar zuciya ce, wato jijiyar da ke kai wa zuciya jini maimakon ta bi ta sama sai wani yankinta ya nutse cikin tsoka, duk bugun da zuciya ta yi sai ta matse ta. Da ita ake haihuwar mutum, galibi a jijiyar gaba ta hagu. Aka ce masa ba komai, ya tafi gida.

Na yarda da yawa suna rayuwa da ita lafiya lau, tunda yawancin jinin yana shiga jijiyar ne lokacin da zuciya ta saki. Amma ranka ya daɗe matsalar tana gab da bakin gadar. Yankin da ke cikin tsokar yawanci tas yake, shi kuwa wanda ke kafin ta nan jini yake dagulewa yana komawa baya, bangon jijiya ya fara kumburi, kitse ya samu wajen zama har hanya ta ƙuntata. Kuma akwai gwajin jini da ke nuna alamar kumburin, hs-CRP, ƙasa da 1 haɗari kaɗan ne, sama da 3 kuma sai a sa ido. Ko ƙidayar fararen ƙwayoyin jini da ake yi kullum tana ba da haske in aka kwatanta nau'ukansu. Ban ce gwajin hs-CRP ɗin ne ke yanke hukunci ba, zazzaɓi ma yana ɗaga shi, amma yana nuna wa likita wanda bai kamata a sallama haka kawai ba.

To sau uku muna zuwa lab ana cewa babu sinadarin gwajin hs-CRP ɗin. Sau uku fa! Kai da bakinka ka ce za ku wadata asibitocin gwamnati da kayan binciken ciwon zuciya, mun ji mun yi tafi. Ko shi ma sinadarin jira yake a zo a yanke masa ƙyalle a gaban kyamara?

Ga kuma wani abu, maganin nan na naitiret da ake sa wa ƙarƙashin harshe don ciwon ƙirji yana iya ƙara matsewar ga mai gada, magungunan rage gudun zuciya irin bita-buloka su aka fi ba su, amma wanda ya ba yayana na farkon ko takardar hotonsa bai buɗe ba. Maganar horar da ma'aikata kuwa sai wani jiƙon.

Don Allah ranka ya daɗe a fitar da takardar umarni cewa duk wanda aka gano masa gada yana kuma ciwon ƙirji a duba masa hs-CRP da kolestarol da suga da hawan jini, a ba shi ranar dawowa. A kuma kawo sinadarin, wata mai zuwa za mu koma lab ɗin karo na huɗu.