A Daina Kiran Kogin Jakara Kwata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk shekara in damina ta kankama, ruwa ya shiga gidajen mutane a cikin birnin Kano, sai ka ji 'yan jarida, na rediyo da na takarda, suna cewa "kwatar Jakara ta cika" ko "lambatun Jakara ya toshe". Ni kuwa duk lokacin da na ji haka sai raina ya ɓaci. Jakara ba kwata ba ce. Kogi ne mai mafari da hanya da rassa da inda yake zuwa, kuma ya girmi ganuwa, ya girmi Kasuwar Kurmi, ya girmi sarautar Kano kanta.

Ni tsohon malamin firamare ne, a cikin birni aka haife ni, mahaifina kuma ɗan kasuwa ne a Kurmi. Saboda haka ba a littafi na fara sanin wannan ruwa ba, da ƙafata na fara saninsa.

Wanda ya hau Dala ko Goron Dutse ya dubi gari zai ga ƙasa tana gangarawa zuwa wani kwari a tsakiyar tsohon birni. Ruwan saman da ya sauka a gindin duwatsun nan biyu da unguwannin da ke kewaye da su, can yake taruwa. Wannan kwarin shi ne Jakara ta asali. Daga nan ruwan yake ratsa gefen Kurmi, ya fita daga cikin ganuwa ta ɓangaren Fagge, ya haɗu da ruwan Kwarin Gogau, ya bi ta bayan Sabon Gari da Nomansland, ya wuce ta ƙarƙashin titin filin jirgin sama, ya nufi arewa maso gabas. A can gaba ne rafin Getsi, wanda ya taso daga wajen Bompai, yake zuba a cikinsa. Sannan ya bar gari, ya shiga karkara, har ya kai madatsar ruwa ta Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, wadda aka gina a 1976, wadda kuma mutane da yawa ke kira Dam ɗin Jakara.

Abin da yaranmu ba su sani ba shi ne Kano gida biyu ce wajen ruwa. Na kudancin gari, irin rafin Salanta da ke bi ta Sharaɗa, Challawa yake nufa, Challawa kuma ta haɗu da Kogin Kano kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Na tsohon birni da arewacin gari kuwa Jakara ce ke kwashe shi. Duka dai yankin Kogin Haɗeja ne, wanda ƙarshen ruwansa Komadugu Yobe ne da Tafkin Chadi. Lokacin da nake koyarwa nakan zana wa 'yan aji shida wannan a allo, sai ka ga yaro ya saki baki, don bai taɓa tunanin ruwan da ke wucewa ta bayan gidansu yana da wata alaƙa da sunayen da yake haddacewa don jarrabawa ba. Suna iya kawo maka Neja da Binuwai da Nilu a jere, amma ka tambaye su kogin da ya ratsa garinsu, sai su ce Kano ba ta da kogi.

Batun suna kuwa, a nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Kogin bai zo da sunansa daga wani wuri ba, daga tafkin da ke cikin wancan kwari na tsakiyar gari ya gaje shi. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Jakara tun a shafukansa na farko, a labarin mutanen Dala da shugabansu Barbushe da gunkinsu Tsumburbura, wato tun kafin zuwan Bagauda wanda littafin ya sa farkon mulkinsa a wajen shekara ta 999. Ya ce ana kiran Jakara da Kurmin Baƙin Ruwa, saboda ruwanta baƙi ne kuma kurmi ya kewaye ta. Ya ce akwai wani tsibiri a tsakiyar ruwan, kuma mutanen wancan zamani sukan yanka baƙin kare ko baƙin bunsuru a wurin in suna tsoron wata masifa. Allah ya raba mu da wannan, Musulunci ya zo ya share shi. Amma labarin ya nuna mana abu guda: wurin nan daji ne mai duhu da ruwan da ba ya ƙafewa, kuma saboda ruwan ne mutane suka zauna a gindin Dala tun farko. Ba wanda ke kafa gari a inda ba zai sha ba.

Da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa babbar kasuwar gari, a bakin wannan ruwa ya kafa ta, sunan kurmin kuma ya bi kasuwar. Duk mai cewa "zan shiga Kurmi" yau, itatuwan Jakara yake ambata ko bai sani ba. Itatuwan sun tafi shekaru ɗaruruwa da suka wuce, suna ya tsaya. Haka sunan Jakara shi ma ya bazu: ya zama na unguwa, ya zama na kogin da ya fita daga tafkin, ya bi ruwan har Minjibir ya zama na dam. A ganina baƙin da magabata suka gani a ruwan irin wanda ake gani ne a duk ruwan da ke kwance ƙarƙashin itatuwa masu duhu, ganye na zuba yana ruɓewa a ciki. Baƙin da muke gani yau kuwa mun san daga inda ya fito, mu muka zuba shi.

Ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa da can ruwan garai-garai yake ba. Turawan da suka zo Kano a ƙarni na 19, Clapperton a 1824 da Barth, wanda ake kira Abdulkarim, a 1851, dukansu sun rubuta cewa wata fadama ta raba garin biyu, kuma ba su yabi tsabtarta ba. Gari mai kasuwa da majema da marina da mahauta dole ruwansa ya ɗauki datti. Sai dai dattin wancan lokaci na ganye ne da toka da kashin dabbobi da bagaruwar jima, abin da ƙasa ke iya cinyewa. Ina yaro, in an yi ruwa mai ƙarfi a cikin marka, mahaifina yakan riƙe hannuna mu tsallaka ta kan azarar da aka gitta, ruwan yana tafe ja wur da laka, yana ɗauke da kara da tsummoki da fasassun ƙore. Kwana biyu sai ya janye, yara su shiga neman tarwaɗa a cikin taɓo. Ban taɓa ganin leda a cikinsa ba a lokacin, don babu ita. Yanzu leda da robar lemo su ne suka fi ruwan yawa a bakin kowace kwalbati.

Abin da ya fi damuna yana can ƙasa, inda yawancin 'yan birni ba sa zuwa. Getsi tana ɗauko ruwan masana'antun Bompai, har da na majemun zamani da ke aiki da sinadarin kuromiyam, ta juye a Jakara. Masana a jami'o'inmu sun daɗe suna auna wannan ruwa suna samun ƙarafa masu guba a cikinsa da cikin ƙasar da ake shayarwa da shi. A gefen wannan ruwan ne kuma ake noman rani: latas, kabeji, karas, alayyafo, albasa. Na tsaya a wani lambu wajen Kwakwaci da rani, na ga manomi ya jefa tiyon injinsa a ruwan, ya ɗaure bakin tiyon da tsohon gidan sauro don kada leda ta shige. Ruwan da ke fita ta ɗaya bakin yana kumfa, warinsa na hawa kai. Da ya gama ya tsuguna ya wanke daurin latas a cikin kwamin da ruwan ya taru, ya jera a buhu. Na ce masa, "Malam, wannan ruwan fa?" Ya ce, "Alhaji, to da wanne zan yi? Rijiyar burtsatse kuɗi ce, wannan kuwa ko a watan azumin bazara ba ya yankewa." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Gonar gado ce, iyali gare shi, kuma gaskiya ya faɗa: ruwan wanke-wanken birni ne ya sa kogin ba ya ƙafewa da rani. Latas ɗin nan kuwa kafin azahar ya iso kasuwa, da daddare yana kan farantin wanda ya zuba shara a Jakara da safe. Masuntan Wasai su ma a wannan ruwa suke jefa koma.

Shi ya sa nake cewa suna ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya yarda cewa kwata ce a bayan gidansa, ba ya jin komai in ya juye bola a ciki, don aikin kwata ke nan. Wanda ya san kogi ne da wasu ke sha, suke noma, suke kamun kifi a ƙasa, ko bai daina ba zai ji nauyi.

Na san za a ce ai an riga an rufe Jakara. Gaskiya ne, a wa'adi na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, an fara aikin gina wa ruwan hanya da kankare da shimfiɗa titi a kansa, aikin Jakara zuwa Kwarin Gogau da jama'a ke kira Wuju-Wuju. Ba na cikin masu kushe manufar. Wanda ya zauna a bakin wannan ruwa, ya sha sauro da wari, ya ga katangar maƙwabci ta faɗi cikin dare, ba zai ƙi a yi masa magani ba, kuma ina fatan a kammala abin da ya rage. Tsorona shi ne, abin da ido ba ya gani zuciya takan manta. Yaron da aka haifa bayan an zuba kankare zai taso yana tafiya a kan kogi bai san da shi ba. Kuma rufe ruwa a cikin birni bai tsabtace shi ba. Yadda ya shiga ramin haka zai fita ta ɗaya gefen, ya tafi wa mutanen Gama da Minjibir. In ba a bar ƙofofin yashewa ba, aka kuma riƙa yashewar kafin kowace damina, ranar da ramin ya cika da yashi da leda ruwan zai nemi tsohuwar hanyarsa, tsohuwar hanyar kuwa yanzu ɗakunan mutane ne.

Roƙona ga hukuma ba mai tsada ba ne. A kafa allo a kan kowace gada da ruwan ya bi ta ƙarƙashinta, a rubuta "Kogin Jakara" da boko da ajami, haka ma Getsi da Gogau. A bakin Kurmi a sa wani da zai faɗi asalin sunan kasuwar a layi uku ko huɗu. Masu tsara manhajar firamare ta jiha su sa kogunan Kano a darasin sanin ƙasa, malamai su kai yara kan Dala su nuna musu kwarin da idonsu. Hukumomin kula da muhalli su tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi a Getsi, don doka ta riga ta ce a yi haka. Manoman bakin kogi kuma a taimaka musu da rijiyoyin ban ruwa kafin a ce musu su daina amfani da wanda suke da shi.

Ku kuma 'yan jarida, naku ya fi sauƙi. In damina ta zo ruwa ya yi ɓarna, ku rubuta cewa Kogin Jakara ya yi ambaliya, ku tura wakilinku ya bi shi daga Kurmi har Wasai ya ba mu labarin abin da ya gani a hanya.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
daga cikin birnin Kano.