Barka da Sallah daga Ingila, da Amsar Tambayar Baba

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah, ku da ƙannena da sauran mutanen gida. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana cikin ƙoshin lafiya.

Baba, kun tambaye ni labarin itacen nan mai shunayyar fure da kuka gani a hoton da na aiko bara, kuka ce in turo muku ƙwayar irinsa. Da kun ga yadda yake a safiyar yau, da kun ce na kashe shi, domin bana Sallah ta zo daidai da lokacin datse shi, wato watan Maris, kuma jiya na yanke rassansa kaf, ban bar masa komai ba sai kututture da bai wuce gwiwata ba.

A nan ana ce masa itacen malam-buɗe-littafi, masana kuma suna kiransa Buddleja davidii. Asalinsa daga tsakiyar ƙasar Sin yake, inda wani limamin Kirista Bafaranshe, Armand David, ya gan shi a 1869, shi ya sa aka laƙaba masa sunansa. Saurin girmansa ne ya fara ba ni mamaki. Wannan kututture da na bari zai yi toho nan da 'yan makonni, kafin watan Yuli kuwa sababbin rassan za su kai kusan mita 2, su zarce tsayina. Idan aka ƙyale shi babu datsewa yana iya kaiwa mita 4 ko 5, amma sai ya zama duk itace, furen kuma ya koma can sama inda ido ba ya morarsa. Dalili shi ne, a jikin sabon reshe kaɗai yake fure, saboda haka wanda ya tausaya masa da almakashi ya rage wa kansa fure.

Shekarar farko na yi kuskuren tarairayarsa. Na zuba masa taki mai yawa, ina ba shi ruwa kusan kullum, sai ya cika da ganye, furen bai taka kara ya karya ba. Daga baya na gane cewa abin da yake bukata shi ne rana ta awa 6 ko fiye, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta, domin jiƙa mai yawa tana ruɓar da saiwarsa. Da zarar ya kafu, fari ba ya damunsa sosai.

Daga Yuli zuwa Satumba yakan fitar da dogayen zangarnun fure masu ƙamshin zuma, sai ka ga malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma sun yi masa dafifi. Sai dai ruwan furen kawai suke sha. Tsutsotsin malam-buɗe-littafin a kan wasu ganyaye dabam suke girma.

Game da irin da kuka nema, Baba, ina roƙon ku yi mini uzuri. Itace guda yana iya zubar da miliyoyin ƙwayoyin iri a shekara, masu sauƙin da iska take kwashewa. A nan Ingila ya mamaye gefen layin dogo, yana tsirowa a tsagar bango har ya fasa gini, kuma tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka san shi da cika kangayen da bam ya rusa. A jihar Oregon ta Amurka an hana sayar da shi, in ban da nau'o'in da ba sa yin iri sosai. Ni kaina, duk zangarniyar da ta bushe nakan yanke ta kafin ta yi iri, abin da yake sa shi ya sake wani furen. Ban ga ya dace in kai shi inda zai iya danne tsirran da ya tarar ba.

In Allah Ya kai mu Agusta zan aiko muku da sabon hotonsa, ku gwada da na kututturen da na haɗa da wannan wasiƙa. Inna, a gaishe mini da kowa da kowa, a kuma ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku.