Sanarwa Kan Tattakin Maiden Castle

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ga bayani ga masu zuwa tattakin Asabar a Maiden Castle, tsohuwar ganuwar da ke kan tudu kusa da Dorchester a kudancin Ingila.

Jirgin ƙasa daga London Waterloo zai sauke ku a Dorchester South. Daga nan tafiyar ƙafa ce ta kamar minti 40, a bi Maiden Castle Road har ƙarshenta. Shiga kyauta ne.

Kada sunan "Castle", wato babban gidan sarauta mai katanga, ya sa ku zaci ginin dutse. Ganuwar ƙasa ce da ramuka, layi bayan layi, an fara ta wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, ta kewaye fili mai hekta 19. Ku tsaya sosai a ƙofar yamma: da gangan aka murɗa hanyar tsakanin tuddai, don mai kawo hari ya yi ta kewaye ana jifarsa da majajjawa daga sama. A ciki kuma akwai harsashin wani wurin bautar zamanin Rumawa.

Ƙasar wurin alli ce, da ta sha ruwa sai santsi, musamman a gangara. A sa takalmi mai ƙwarin gindi, a riƙo rigar ruwa, domin saman tudun fili ne fetal, iska ba ta da shamaki. Babu banɗaki ko shago, don haka a yi alwala tun a gari, kowa ya riƙo ruwan sha da dadduma.

Tumaki na kiwo a wurin, a rufe kowace ƙofar shinge bayan an wuce. Doka ta hana tono, a ja kunnen yara.