Wasiƙa Zuwa ga Mutumina

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya iyali, ya ƙafar Baba? Shirun naka ya yi yawa, ko karatun ne ya haɗiye ka?

Gardama ce ta sa na ɗauko alƙalami. Ni da Dogo muke ta yin ta, kan sunan da za a ba wa abin nan da mutum ke yi idan ya ɗauki abin da ba a gani, ba a taɓawa, ya mai da shi kamar mai jiki. Na ce "abuntar da" ya dace: daga abu, yadda mutum ya haifi mutunta, siffa ta haifi siffanta. Ya ce sam, a ajin adabi abuntarwa ita ce a ba mutum ko dabba halin abu marar rai, 'yar'uwar mutuntarwa da dabbantarwa. Na ce to a faɗaɗa ta mana, ai kalma ba takalmin ƙarfe ba ce. Ka san Dogo, har yanzu bai sauko ba.

Abin da ya sa na nace, kullum bakinmu a kai yake. Mutunci ruwa ne da ake zubar da shi? Wa ya taɓa tauna amana? Amma ana cin ta. Alhaki ɗaukarsa ake yi, tsoro kuwa har kama mutum yake. Ba don haka ba, da magana ba ta shiga kunne.

Inda nake jin tsoro shi ne a manta cewa salon magana ne. Dubi Alfred Binet, wani masanin halayyar ɗan Adam a Faransa. A 1905 ya tsara gwajin basira don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, shi ke nan. Gwajin ya ƙetara zuwa Amurka, Binet ya rasu a 1911, wani masani a can mai suna Lewis Terman ya sake wa gwajin fasali a 1916, sai mutane suka ɗauki makin tamkar wani dunƙule ne a cikin kai, wanda aka haifi yaro da shi. Yaro ya faɗi gwaji sau ɗaya, an yanke masa hukunci.

Af, ka ji Ƙaramin namu zai angwance? Wai shi da ya rantse sai ya gama digiri! Uwargida ta ce in tambaye ka ko za ka zo, kuma kada ka ce aiki. Littafina da ka ara ma, ban yafe ba.

A gaida mutanen gida.

Naka har kullum.