Gyara kan shirinku na waƙar Dante

Malam Edita, gaisuwa mai yawa.

A shirinku na adabi da ya gabata, mai gabatarwa ya ba da labarin Commedia, doguwar waƙar Dante na Italiya wanda ya rasu a 1321, kamar tatsuniyar mutumin da ya ɓace a daji. Ai an zubar da tsaba an riƙe ƙaiƙayi. Dajin nan zunubi ne. Damisa, zaki da kyarkeci da suka tare masa hanya kuwa, masu sharhi na farko sun fassara su da sha'awa, girman kai da haɗama.

Ma'anar ma a cikin lissafi take. Kashi uku ne: Wuta, Dutsen Tsarkakewa, Aljanna. Kowane kashi babi 33 ne, ga ɗaya na shimfiɗa, ya cika 100. Baitocin ƙwar uku ne, kuma amsa-amon ɗangon tsakiya shi ke buɗe baiti na gaba, kamar sarƙa. Wannan uku-ukun ishara ce ga aƙidar Triniti ta Kirista, wato Allah ɗaya cikin uku. Wanda ya mayar da waƙar zube, ya tsinka sarƙar, ishara ta tafi.

A duba ƙofar Dutsen Tsarkakewa a babi na 9. Matakala uku ce: ta farko farin marmara mai sheƙi, har mutum na ganin fuskarsa, ta biyu baƙa, ta tsage tsaye da kwance, ta uku ja kamar jini. Yawancin masu sharhi sun ce duba kai ne, sai nadama, sai biyan kaffara. Mala'ikan ƙofar ya zana harafin P sau bakwai a goshin Dante, wanda shi ne matafiyin cikin waƙar, da bakin takobi, harafin farko na kalmar zunubi a Latin. Kowane hawa na dutsen ya wuce, a share P ɗaya, ƙafa ta ƙara sauƙi.

Kuskure na biyu da mai gabatarwa ya yi shi ne kiran Birjil, mawaƙin tsohuwar Roma da ya raka Dante a tafiyar, jagora kawai. Hankalin ɗan Adam ne, shi ya sa iyakarsa ƙolin dutse. Daga nan Biyatiris, matar da Dante ya ƙaunata, alamar wahayi, ta karɓi jagoranci.

Ya kuma kamata ku gaya wa masu sauraro cewa babi na 28 na kashin Wuta yana da ɓatanci ga Musulunci, kada ɗalibi ya ci karo da shi ba shiri.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya